Hular Kwanon Mamadu Maraɗi

Ku samarin da ke biyowa rumfata shan ruwa in kun taso daga lakwal, makarantarku ta boko, ina jin abin da kuke faɗa. Kun ce aikin Illo ba aiki ba ne: ya sami tsohuwar hular soja, ya huda ta gefe biyu, ya ɗaura igiya, ya ce ga guga. To, tun da Allah ya nufa na koyi rubutu da furfura a gemuna, bari in rubuta muku aiki ɗaya tak, ku duba da kanku ko huda ce kawai.

Wata Litinin, ranar kasuwar Maraɗi, ƴan shekaru bayan mulkin kai, ina cikin ɗora wa wani murhu ƙafafu sai wani dogon mutum ya tare mini haske. Yana sanye da tsohuwar rigar kaki, yana rungume da ƙunshi kamar mai ɗauke da jariri.

"Kai ne Illo mai huluna?"

"Ni ne. Saye ko sayarwa?"

"Ba ko ɗaya. Karatu na kawo."

Ya kwance ƙunshin, sai ga hular kwano mai zurfi, ta lotsa a ƙeya. Ya ce sunansa Kafaran Sumana, wato kofur a soja, Bazabarme ne daga wajen Dosso. A yaƙin Andoshin, can ƙasashen gabas bayan teku, yana da aboki, wani Bagobiri, shekara uku suna cin abinci a kwano guda. Aka harbe abokin cikin gonar shinkafa. Kafin ya cika ya kama hannun Sumana ya ce, ka kai wa innata wani abu nawa, ta san kada ta jira. Hular nan ce kawai ta rage.

Na ce, to me ya hana ka kai? Ya ce sunan ne. Baturen da ya rubuta su ranar da aka ɗebe su soja bai tsaya wahala ba, duk wanda ya fito daga nan sai ya sa Mamadu Maraɗi. A bariki kuwa Bagobiri ake ce masa, shi kansa Sumana "bawana" yake kiransa, don kun san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa. Ya je biro, wato ofishin hukuma, an aika takardu, Mamadu Maraɗi sun yi yawa, babu nasa. Fiye da shekara goma hular tana ƙarƙashin gadonsa.

"Idona ya fara mutuwa," in ji shi. "Kamyon, motar gyaɗar da ta kawo ni, zai koma ran Juma'a, kuma ba zan sake zuwa ba. In ka gano gidansu kafin nan, to. In ba ka gano ba, hura gawayi a cikinta. Ni dai na sauke."

Na ce ya zauna. Ranar ban ƙarasa murhun nan ba.

Wanda ya koya mini wannan aiki Baba Nahantsi ne, Allah ya jiƙansa. Ya yi ƙira a barikin Damagaram tun zamanin Nasara, ya dawo Maraɗi da buhun huluna da tarin sani. Shekara biyu ina ja masa zugazugi kafin ya bar ni in riƙe kurfi, wato ƙarfen da muke huda da shi. Hular farko da ya ba ni, na zumuɗa na goge ta tas da yashi da toka, na kawo masa tana ƙyalli ina jiran yabo. Ya juya ta, ya juya ta, ya ce, "Mi anka rubuta a jikinta?" Na ce ban duba ba. Ya ce, "To ka yanke mata harshe. Je ka ɗebo gawayi." Wata guda bai sake ba ni hula ba. Dokarsa ke nan: ba a goge hula sai an karanta ta.

Ba don ado ya kafa dokar ba. Alama ce ke gaya maka irin ƙarfen da ke hannunka. Akwai ta Faransi ta dā, mai zanko a bisa kamar na zakara. Ƙarfenta sakayau ne, kurfi ya shige shi da bugu biyu, ita ce ta murhun masu shayi. Akwai shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda sojan Ingilishi suka shigo da ita ta Katsina, mata na sonta don suyar gyaɗa da ba kaji ruwa. Akwai kuma mai zurfi, ita ce ta guga da kwaɓin magina, amma taurin kai gare ta. In ka buge ta da sanyi kurfinka ne zai karye, sai ka ja wurin a wuta ya yi jajir tukuna. Na karya kurfi uku kafin in yarda.

Sai fenti. Ƙugiyar jirgin ruwa a goshi, sojan ƙasashenmu ne da Faransa ta ɗiba. Jinjirin wata, na Larabawan arewa. Jar alama cikin farin da'ira, mai ɗaukar masu rauni. Farin layi a ƙeya, na mai ba da oda ne, don na baya su san wanda za su bi. Irin waɗannan ba a huda su da garaje, don tsofaffin sojoji kan zo neman ta rundunarsu saboda ranar fareti, har Turawan kamfanin gyaɗa kan zo su yi ta juya su suna huci. Amma karatun da ya fi daɗi shi ne na ciki. Huluna ɗari iri ɗaya a rataye, ga mutum bai iya rubuta lambarsa ba, sai ya sa abin da ya sani. Na ga kifi, na ga hauya, na ga tambarin raƙuma da wani Buzu ya gane nan take ya ce na kawunnansa ne. Duk wannan na sani tun kafin Sumana ya zo. Ku riƙe wannan, don ku ga yadda na yi wauta.

Hular Bagobiri daga waje ba ta ce komai ba. Ƙugiya tana nan a dushe, lamba ta cinye. Na juyo cikinta sama. Ɗamarar zaren da ke ciki ta ruɓe ta manne da tsatsa. Na tambayi Sumana ko ya taɓa cire ta, ya ce wa zai taɓa kayan mamaci? Na sa awartaki na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa yashi a irin wannan wuri. Ruwan tsamiya na jiƙa, na bar shi ya ci tsatsar, na share da tsumma, na bi da man gyaɗa a kan ɗan yatsa. Can sai fari ya fara leƙowa. Layi ɗaya. Biyu. Na ce, "Kafaran, matso! Mutuminka ya yi magana!"

Layuka goma sha uku ne na farin fenti, bakwai a gefe ɗaya, shida a ɗayan. Kowane gefe sun bazu daga baya, suna tahowa suna matsewa har su kusa haɗuwa a gaba. A cikin bakwai ɗin, na huɗu daga sama ya rabu biyu a ƙarshensa, kamar reshe.

A lokacin watana biyar da shiga karatun manya, kuma ko tsagar bango na gani sai in ce harafi ne. Na juya hular dama, na juya ta hagu, na ce wannan ai rubutu ne da ya karkace. Na kwafe shi a allona na kai wa mushe, wato malamin da ke koya mana. Ya gyara tabarau ya ce hasken rana ne, tutar wata ƙasa ta gabas. Muka tafi inda tsofaffin sojoji ke zama gindin bedi, wani ya ce ƙidayar watanni ce, wani ya ce mutanen da ya kashe ne. Sumana ya ce, "Bawana? Ko kaza sai ya rufe ido yake yankawa." Wani malami a Sabon Gari ya duba ya ce in hatimi ne, to ba na littafinsa ba ne. Litinin ta wuce, Talata ta raba.

Da azahar ɗin Talata ina zaune da hular a cinya. Reshen nan ya dame ni. Na ce a raina fenti ne ya zuba wa mai zanen, in na kankare shi rubutun zai fito sosai. Na ɗauki magagari, har na ɗora bakinsa a wurin. Daidai nan Ɗan Baƙo wanzami ya shigo da zabirarsa, yana son in ɗaure masa ƙotar aska.

"Illo, mi kake ma kallo haka kamar ka ga kuɗin Makka?"

"Karatu ne, ba na wanzamai ba."

"Kawo in gani, malamin wata biyar."

Ya karɓa. Bai juya ta kamar yadda muka yi ta yi ba. Ya ɗaga ta da hannu biyu, bakinta na fuskantarsa, kamar yadda yake riƙe kan mutum in zai yi aski. Sai ya tuntsire da dariya.

"Wane ne ya saka fuskar Bagobiri cikin kwano?"

Ya nuna da yatsa: nan kunne, nan kunci, ga su sun gangaro bakin baki. Shida da bakwai. Zanen Gobirawa ne, wanda muke gani a kasuwa kullum safiya! Na saki magagari ya faɗi. Sumana ya miƙe tsaye ya dafe kai. "Wayyo ni jaki! Shekara uku ina kallon fuskar nan a kan tuwo!" Na nuna masa reshen na ce, wannan fa? Ya kai hular dab da idonsa mai gani. "Akwai shi! Wallahi akwai shi! Muna ce masa mararrabar hanya, muna ce masa ko wanzamin ya sha burkutu ne."

Ɗan Baƙo ya daina dariya ya ce, wanzami ba ya raba zane da gangan, hannu ne ya goce, kuma wanda hannunsa ya goce a fuskar ɗan mutane ba ya mantawa har ya mutu. Ya ce, "Wanga ba hannun Maraɗi ba ne, mu ba mu ɗauko shi daga can sama haka. Ku tahi Tibiri gobe, ku nemi Sarkin Aska." Ya dube ni, ya dubi magagarin da ke ƙasa. "Kai kuma mi za ka yi da wancan?" Na ce gyaran ƙotarsa zan yi.

Laraba da sassafe na ɗauki Kafaran a bayan kekena. Mutum ne mai ƙashi, kuma yashin hanyar Tibiri ba ya wasa. Rabin tafiya shi ke kan keke ni ina turawa, yana ba ni oda da Faransanci. Ranar kasuwarsu ce. Muna shiga aka ji harshensa, aka yi caa. "Ga Bazabarme! Ku ɓoye ƙosai!" Shi kuma yana ɗaga hannu kamar komanda: "Sannunku bayina, ku ci gaba da aiki." Kowace fuska na kalla shida da bakwai, shida da bakwai, har na fara jin tsoro. A garin da kowa ke ɗauke da zanen nan, ina za mu ga guda ɗaya?

Sarkin Aska tsoho ne tukuf, yana zaune a zaure kan buzu, idanunsa sun yi fari fat. Na ce a raina, mun kawo zane wurin wanda ba ya gani. Muka gaisa, na yi bayani. Ya ce a miƙo. Fentin soja kauri gare shi, yana da tudu. Tsohon ya sa babban yatsa ya bi layukan ɗaya ɗaya, bakinsa na motsi. Da ya zo na huɗu ya tsaya. Ya koma ya sake bi.

"Atishawa," in ji shi.

Muka ce, ranka ya daɗe?

"Yaron atishawa ya yi, aska na bisa kuncinsa. Ba ni na yi ba, ƙanena ne, Allah shi gahwarta mashi. Ya dawo gida ya aje zabira, kwana bakwai bai taɓa aska ba don kunya. Uban yaron har ya so kai ƙara, uwar ta hana, ta ce ai ta hi gane abinta cikin taro."

Sumana ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara. "Baba, ina gidan?"

"Ba su nan. Uban ya rasu, ita ta koma wajen danginta. Maginiyar tukwane ce. Ku tahi Jiratawa ku ce Inna Kuluwa ta Gobirawa. In tana da rai." Ya miƙo hular. "Kai Bazabarme, shekara nawa ka yi da ita?" Sumana ya faɗa masa. Tsohon ya girgiza kai. "Ko kunkuru munka aika da ya riga ka."

Muka dawo Maraɗi da la'asar, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Alhamis ta rage mana, ita kaɗai.

Jiratawa tun daga nesa hayaƙin gashin tukwane ke nuna maka ita. Tambaya biyu muka yi aka nuna mana gidan. Wani magidanci ya fito, shida da bakwai a fuskarsa, sumul babu reshe. Sunansa Jadi. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya jingina da bango. Ya ce wansa ne, Nomau, ɗan fari. An ɗebe shi soja shi Jadi yana ƙarami. Sojoji suka yi ta dawowa, ba shi, ba takarda. Liman ya yi magana, dangi sun yi magana, a yi masa sadaka a huta, Inna ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa, wanda ya ga gawarsa ya zo ya gaya mata. Har yau haiwarsa ta noma na rataye a ɗakinta, kowace damina sai ta sa an wasa ta.

Muka same ta a tsakar gida, ƴar ƙaramar tsohuwa, hannunta dumu-dumu da yumɓu, tana ɗaga wuyan wata randa. Muka durƙusa muka gaishe ta. Sumana ya dube ni. Sai ni na ce, "Inna, baƙo ne ya zo daga nesa da saƙo." Sumana ya ajiye hular a gabanta a kife. Ta dube ta ta ce, "Ni ban san wagga ba." Na juya mata cikin, na ɗaga ta yadda Ɗan Baƙo ya yi.

Ba ta ƙirga ba. Kai tsaye yatsanta ya tafi kan reshen, ya bar yumɓu a wurin. Kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ita ma ba ta kama ba.

"Yaron nan ne," ta ce. "Kai ka gan shi da idonka?"

"Da hannuna na rufe shi, Inna. Da ni da wasu Musulmi huɗu. Mun yi masa salla."

"Ya sha wuya?"

"Bai daɗe ba. Ya ce in gaya miki kada ki jira."

Ta gyaɗa kai. Ta goge hannu a zaninta ta ce, "Jadi, tahi ka gaya ma liman. Ka biya ka sauko da haiwar nan, ka kai ta gona gobe." Sa'an nan ta dubi Sumana sama da ƙasa. "Kai kuwa wane iri ne?"

"Bazabarme, Inna."

"Shi ya sa. Da Bagobiri anka aika da tuni ya iso." Ta juya wajen matar Jadi. "A dama mashi hura mai yawa, bawan gidanmu ne, ya kwaso yunwa."

Sumana ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, ya sha fura ƙwarya guda. Kafin la'asar gidan ya cika da mutane, kowa na son ya leƙa cikin hular. Ya zauna ya ba su labarin Nomau tun daga jirgin ruwa, yadda ya yi ta amai, yadda ya koya wa wani Bature cin barkono. Ran Juma'a na raka shi tasha ya hau kan buhunan gyaɗa, hannunsa wayam.

Shekarar farin nan da ta wuce ita ce mafi muni da na gani a sana'ata. Rijiyoyi suka ƙafe, wa zai sayi guga? Masu shayi suka watse. Sai ma mutanen karkara suka riƙa dawo mini da hulunan da na huda da hannuna, ina gane ƙusata a jikinsu, suna neman ko tiyar gero, kwanon awo ɗaya, a madadinsu, ni ma ba ni da ita. Na tara su a bayan rumfa har suka yi tsibi, zugazugina ya bushe ya tsage. A cikin wannan hali Jadi ya zo kasuwa sayar da ƙyauren ɗakinsa. Inna ta riga ta rasu. Na tambaye shi hular, don na san Turawa na neman irinta. Ya ce, "Tana nan. Irin gero ke ciki, an liƙe bakinta da yumɓu. Ko yara sun san ba a taɓa ta." Da ruwa ya sauka, da shi suka yi shuka.

Bari in koma baya: wata biyu bayan tafiyar Sumana, Inna Kuluwa ta aiko mini da randa a kan jaki. Ita ce wadda muka tarar tana ginawa. Ita ce kuma wannan da ke bakin rumfata, wadda kuke kamfatar ruwa a ciki kullum kuna cewa aikina huda ce. Shekara nawa kuna sha, ban ga wanda ya sunkuya ya dubi zanen da ta yi a wuyanta ba, shida da bakwai. Gobe in kun zo, kafin ku ɗauki moɗa, ku ƙirga zanen da ke gefen bakwai. Ku tsaya a na huɗu daga sama.